Macen da Sarki Ya Yasar

Kada ka karanta wannan ɗan littafi kai kaɗai. Ka bari sai an gama cin tuwon dare, ka tara iyalinka a tsakar gida, ka karanta da ƙarfi domin wanda bai iya karatu ba shi ma ya ji. Maganar da ke ciki ta shafi maza da mata, iyaye da 'ya'ya.

Akwai wata kalma da kake ji kullum a nan Baudeta, da kasuwar Tasawa, da ƙauyukan Mayahi. Kalmar nan ita ce "shege." Mun saba da ita har mukan zagi jaki da ita in ya ƙi tafiya. Amma a garuruwa da yawa akwai yaron da ba ya dariya in ya ji ta, gama ya san da shi ake. Akwai kuma uwar yaron, wadda takan bari sai mata sun watse kafin ta je rijiya. Mutumin da ya yi mata cikin fa? Sau da yawa yana nan zaune a inuwa, ana gaishe shi da ladabi.

Wannan ciwo tsoho ne a ƙasarmu. Ka tuna da labarin Bayajida da kakanni suka ba mu. Sun ce bayan ya kashe macijin rijiyar Kusugu ya auri sarauniyar Daura, sai sarauniya ta ba shi wata baiwa, Bagwariya, ta zama ƙwarƙwararsa. Bagwariya ta haifi ɗa, aka sa masa suna Karɓagari. Daga baya sarauniya ta haifi nata ɗan, Bawo. 'Ya'yan Bawo shida, da ɗan'uwansa na Biram, su ake kira Hausa Bakwai. Zuriyar ɗan ƙwarƙwara kuwa aka ce da su Banza Bakwai. Ka lura, ko sunan matar ba a riƙe ba, sai sunan ƙabilarta.

Wannan labarin kaka da kakanni ne. Yanzu zan ba ka labarin wata mace wanda yake rubuce cikin tarihi, da shekarunsa da sunayen garuruwansa. Ka saurara da kyau, gama akwai abin da Allah yake so ya koya maka ta wurinta.

YARINYAR MASAUKI

Sunanta Helena. An haife ta wajen shekara ta 250 bayan haihuwar Almasihu, a ƙarƙashin mulkin Roma. Ana danganta ta da wani ƙaramin gari mai suna Direfanum a lardin Bitiniya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Bitiniyan nan ce Manzo Bitrus ya ambata a farkon wasiƙarsa ta fari. Iyayenta talakawa ne. Ambros, bishop na birnin Milan, ya faɗa cikin wani wa'azi a shekara ta 395 cewa aikin masauki take yi, wato inda matafiya suke kwana suna ɗaure dawakansu. Ka kwatanta ta da yarinya mai sayar da abinci a tashar mota. Ita ce ɗebo ruwa, ita ce wanke kwanuka, ita ce kuma jure maganganun banza na masu wucewa. A idon Romawa macen da ke irin wannan aiki ba ta da wata daraja.

Sai wani hafsan soja mai suna Konstantiyus ya gan ta, ya ɗauke ta. Marubutan baya sun yi masa laƙabi Kulorus, wato koɗaɗɗe. Da wannan laƙabi za mu kira shi, don kada ka ruɗa shi da ɗansa. Wajen shekara ta 272, ranar 27 ga Fabrairu, Helena ta haifa masa ɗa namiji a garin Nayisus, wanda yau ake kira Nish a ƙasar Sabiya. Aka sa wa yaro suna Konstantin.

Wane irin zama suka yi? Tun zamanin da bakin marubuta ya rabu biyu. Waɗansu suka ce aure ne, amma na ƙasƙanci. Waɗansu suka ce ƙwarƙwara ce kawai. Wani mai bautar gumaka, Zosimus, wanda ya ƙi jinin Konstantin, ya rubuta cewa uwarsa ba matar aure ba ce, domin ya ci mutuncinsa. Ya rubuta wannan fiye da shekara 150 bayan mutuwarta. Ka ga yadda gori yake daɗewa a bakin mutane.

RANAR DA AKA SALLAME TA

Kulorus jarumi ne, ya yi ta samun ƙarin girma cikin soja. A lokacin nan babban sarkin Roma shi ne Diyokiletiyan. Da ya ga ƙasar ta yi wa mutum ɗaya yawa, sai ya naɗa abokinsa Maksimiyan ya riƙe yamma. Maksimiyan yana da 'ya a gidansa mai suna Tiyodora. Wajen shekara ta 289 Kulorus ya rabu da Helena, ya auri Tiyodora. Ba wanda ya ce Helena ta yi wani laifi. Abu ɗaya ta rasa, ba ta da uban da zai ba mijinta sarauta. Ranar 1 ga Maris, 293, aka naɗa Kulorus Kaisar, wato mataimakin babban sarki mai jiran gado, aka danƙa masa ƙasashen da yau ake kira Faransa da Ingila. Tiyodora ta haifa masa 'ya'ya shida, uku maza, uku mata.

Helena tana da shekara wajen 40 sa'ad da aka sallame ta. Ɗanta kuma bai zauna da ita ba. Aka kai shi fadar Diyokiletiyan a birnin Nikomidiya, da sunan koyon aikin soja, amma a gaskiya jingina ne don kada ubansa ya yi tawaye. Daga nan littattafan tarihi suka yi shiru a kanta har shekara wajen 17. Marubuta suna bin sarakuna da yaƙe-yaƙensu, ba ruwansu da macen da aka yasar.

Ya 'yar'uwata, ko ke ma an taɓa yi miki haka? Wani ya yi miki alkawari da daɗin baki, da ya sami abin da yake so, ko kuwa da ya sami wadda ta fi ki gata, sai ya juya miki baya? Ki buɗe Littafin Farawa sura 16 da sura 21, ki karanta labarin Hajaratu baiwar Saratu. Sau biyu ta sami kanta a jeji, da fari tana da ciki, na biyu tana tare da ɗanta Isma'ilu, ruwan salka ya ƙare. Duk sau biyun mala'ikan Allah ya yi mata magana. Ita ce ta kira Ubangiji da sunan Allah mai ganinta. A karo na biyu Allah ya ji kukan yaron, ya buɗe idonta ta ga rijiya. Shekarun nan 17 da marubuta ba su rubuta ba, Allah ya ƙidaya kowace rana a cikinsu. Naki kwanakin ma yana ƙidayawa.

NA GABA YA KOMA BAYA

Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A shekara ta 305 Diyokiletiyan ya sauka daga gadon sarauta, Kulorus ya zama babban sarki na yamma. Konstantin ya bar gabas ya tafi wurin ubansa. Ranar 25 ga Yuli, 306, Kulorus ya mutu a birnin Yok na Ingila. 'Ya'yan Tiyodora, 'ya'yan auren sarauta, ba su girma ba tukuna. Sai sojoji suka ɗaga ɗan Helena, suka ce shi ne sarki.

Kafin wannan, masu bi sun sha wuya ƙwarai. Ranar 23 ga Fabrairu, 303, aka rushe majami'ar Nikomidiya, aka ƙone Littattafai Masu Tsarki, aka soma tsanani mai zafi a kan ikkilisiya. Konstantin yana fada a lokacin. Amma a shekara ta 312, bayan ya ci yaƙi a bakin wata gada kusa da birnin Roma, ya ba Allah na Kirista girman nasararsa. A 313 shi da abokin sarautarsa Lisiniyus suka yi yarjejeniya a Milan, aka ba kowa 'yancin yin sujada, aka mayar wa ikkilisiya da abin da aka ƙwace mata. Ta hannun ɗan da aka yi wa gori Allah ya kawo wa jama'arsa hutu.

Konstantin bai manta da uwarsa ba. Ya kawo ta fada. A shekara ta 324, da ya zama sarki shi kaɗai bisa dukan mulkin Roma, ya ba ta sarautar Agusta, wadda babu macen da ta fi ta girma a ƙasar, kamar yadda ake girmama Mai Babban Ɗaki a fadar Kano. Aka buga kuɗi da siffar fuskarta. Aka ba ta izinin ɗiba daga baitulmalin sarki. Garin nan Direfanum aka sāke masa suna, ya zama Helenofolis, wato birnin Helena.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan. Yusebiyus, bishop na Kaisariya, wanda ya san Konstantin ido da ido ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa, ya ce ta wurin ɗanta ne Helena ta zama mai bautar Allah. A lokacin ta tsufa. Ya kaka, kada ki ce lokacinki ya wuce. Muddin kina numfashi ƙofar tuba tana buɗe.

JINI A CIKIN FADA

Watakila yanzu kana cewa a ranka, "To, na gane. Macen da aka yasar ta yi haƙuri, wata rana ɗanta zai zama sarki." A'a, ba wannan ne darasin ba. Mata dubbai an yi musu abin da aka yi wa Helena, suka mutu cikin talauci, ba ɗan da ya ɗaukaka su. Ita kanta Helena, fada ba ta ba ta kwanciyar rai ba. Ji abin da ya faru.

Konstantin yana da ɗan fari, Kirisfus, wanda ya haifa da wata mace mai suna Minerbina. Ita ma waɗansu marubuta ƙwarƙwara suka kira ta. A shekara ta 307 Konstantin ya bi sawun ubansa, ya yi auren neman sarauta, ya auri Fausta, wata 'yar Maksimiyan. Daga nan ba a ƙara jin sunan Minerbina ba. Kirisfus ya girma ya zama jarumi, ya ci wa ubansa yaƙi a teku. Amma a shekara ta 326 Konstantin ya sa aka kashe shi. Ba da daɗewa ba Fausta ma ta mutu, marubutan da suka ce a ɗakin wanka mai zafi ƙwarai. Sun kuma ce Helena ta yi baƙin ciki mai tsanani saboda jikanta, ta tsauta wa ɗanta.

Abin bai tsaya nan ba. Konstantin ya karɓi baftisma gab da mutuwarsa, ya mutu a shekara ta 337. A cikin shekaran nan sojoji suka karkashe 'yan ubansa biyu, 'ya'yan Tiyodora, tare da waɗansu daga cikin 'ya'yansu maza, don kada su nemi gadon sarauta. Wani ƙaramin yaro, Yuliyan, jikan Tiyodora, ya tsira. Ya tashi da sanin cewa gidan da ke kiran sunan Almasihu ne ya kashe ubansa. Da ya hau gadon sarauta a 361, sai ya ƙi bangaskiya a fili, ya koma ga gumaka.

Kai da ka san 'yan ubanci, ba sai an fassara maka wannan ba. Ka ga yadda ake rabon gona bayan mutuwar maigida, ɗaki da ɗaki suna hararar juna. Kulorus ya yi tsammani yana sallamar mace ɗaya ce kawai. Ashe ya shuka ƙaya ce wadda ta soki 'ya'yansa da jikokinsa har shekara 70.

TAFIYAR TSOHUWA

Bayan wannan masifa, tsakanin 326 da 328, Helena ta tashi ta tafi gabas har ƙasar da Ubangijinmu ya taka da ƙafarsa. Shekarunta sun kusa 80. Babu mota, babu jirgin sama. Yusebiyus ya ba da labarin abin da ta yi a hanya. Ta ba matalauta kuɗi da tufafi. Ta sa aka saki waɗansu 'yan kurkuku da waɗanda ake wahalshewa a ramukan haƙar ma'adinai. Ta komo da waɗanda aka kora daga garuruwansu. In ta shiga majami'a, da tufafi marasa ado take shiga, ta tsaya cikin sauran jama'a. Ko ƙananan majami'u na ƙauye ba ta raina ba.

Ta wurinta aka gina majami'u biyu, ɗaya a Baitalami inda aka haifi Yesu, ɗaya a bisa Dutsen Zaitun inda ya hau sama. Har wa yau akwai majami'a a wurin nan na Baitalami. Ka yi tunani a kan wannan. Luka sura 2 ta gaya mana an kwantar da Mai Ceto a komin dabbobi domin ba a sami wuri a masauki ba. Ga yarinyar masauki ta zo da furfura, tana durƙusawa a inda masauki ya rasa wurin ba Ubangijinta. Wani marubucin ikkilisiya, Rufinus, ya ce a Urushalima ta tara matan da suka ba da kansu ga hidimar Allah, ta sa tufafin baiwa, ta kawo musu abinci da hannunta, ta zuba musu ruwan wanke hannu. Aikin da dā ake raina ta saboda shi, yanzu da yardar ranta take yinsa saboda Yesu.

Daga baya wani labari ya bazu cewa Helena ta tono ainihin itacen gicciye a Urushalima. Yusebiyus, wanda yake zaune a ƙasar a lokacin, bai ce ta yi haka ba. Sai a ƙarshen ƙarnin aka soma haɗa sunanta da labarin. Ambros kansa, da yake ba da shi, ya yi gargaɗi cewa Sarkin da aka rataye ta yi wa sujada, ba itacen ba. Ka riƙe wannan. Guntun itace ba ya gafarta zunubi, kamar yadda laya da guru ba sa yi. Ginin majami'a da sadaka ma ba su sayi ceton Helena ba. In ta tsira, ta wurin jinin Yesu ta tsira, kamar kowane mai zunubi da ya tuba ya ba da gaskiya.

Ta mutu wajen shekara ta 329, ɗanta yana kusa da ita. Aka binne ta a bayan birnin Roma. Babban akwatin jan dutse da aka sa gawarta a ciki yana gidan ajiyar kayan tarihi na Batikan a yau.

BA LABARIN DĀ NE KAƊAI BA

Kada ka ce wannan halin Romawa ne. A ƙasarmu ta Nijar an san al'adar wahaya, inda mai hali yakan sayi yarinya ya ajiye ta ba aure, tana yi masa bauta dare da rana. A shekara ta 1996 aka sayar da Hadijatu Mani tana da shekara 12. A 2003 Nijar ta kafa dokar da ta mai da bautar da mutum babban laifi. A watan Oktoba na 2008 kotun CEDEAO ta zauna a Yamai, ta ba Hadijatu gaskiya, ta umarci gwamnati ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ban da wannan, akwai yarinyar da aka aika aikatau Maradi ko Kano ta komo da ciki. Akwai wadda mai kuɗi ya kama wa ɗaki a birni yana zaman dadiro da ita, ran da ya gaji ya daina biyan haya. Dukansu 'yan'uwan Helena ne.

ME MAGANAR ALLAH TA CE?

Na fari, zina zunubi ne. Ba za mu ɓoye wannan ba. Ibraniyawa 13:4 ta umarce mu mu girmama aure, ta kuma ce Allah zai hukunta masu lalata. Amma mutum ɗaya ba ya zina shi kaɗai. Sa'ad da Sarki Dawuda ya ɗauki Bat-sheba matar Uriya ya yi mata ciki, wurin wa Allah ya aiki annabi Natan? Wurin sarki. Karanta 2 Sama'ila sura 11 da 12. A Yahaya sura 8 malamai suka kawo mace ita kaɗai gaban Yesu, suka bar namijin. Yesu ya sa kowannensu ya dubi zuciyarsa, suka zare jiki ɗaya ɗaya. Bai hukunta matar ba, bai kuma ce abin da ta yi daidai ne ba. Ya sallame ta da umarnin ta rabu da zunubi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na biyu, yaron ba shi da laifi. Ezekiyel 18:20 ta nuna sarai ɗa ba zai ɗauki alhakin ubansa ba. Yefta ɗan karuwa ne, 'yan ubansa suka kore shi don kada ya ci gādo, amma shi Allah ya mora ya ceci Isra'ila. Labarinsa yana cikin Littafin Mahukunta sura 11, sunansa kuma yana cikin jerin masu bangaskiya a Ibraniyawa sura 11. Buɗe Matiyu sura 1 ka duba asalin Yesu. Za ka sami Tamar, da Rahab, da Rut, da matar Uriya. Ubangiji bai ji kunyar a rubuta su cikin kakanninsa ba.

Wani zai ce, "Ai Maimaitawar Shari'a 23:2 ta hana irin wannan ɗa shiga taron jama'ar Ubangiji." Gaskiya ne. Amma karanta aya ta gaba, ta hana Mowabawa su ma. Duk da haka Rut mutuniyar Mowab ta fake a ƙarƙashin Allah na Isra'ila, ta zama kakar Dawuda. Mu kanmu al'ummai ne, dā muna waje. Afisawa sura 2 ta koya mana Almasihu ya rushe katangar da ta raba, ya kawo na nesa kusa ta wurin jininsa. Yahaya 1:12 da 13 kuma sun ce duk wanda ya karɓe shi ya sami ikon zama ɗan Allah, wannan haihuwa kuwa ba ta jini ba ce. In da asali ake shiga Mulkin Sama, da ni da kai ba mu shiga.

MAGANA GARE KA

Kai namiji, in akwai macen da ka lalata ka gudu, ko ɗan da ka yi musun nasa, Allah ya sani. Ko kai dattijon ikkilisiya ne, ko mai unguwa, ko mai shago, Natan yana ƙofarka yau. Ka tuba. Ka je wurin fasto da dattawa ka faɗi gaskiya. Ka ɗauki nauyin ci da sha da tufafi da makarantar yaron. In hatsi ya shiga rumbu, ka fitar da rabonsa. Ka kuma riƙe matarka ta aure da aminci, kada ka yasar da ita don ka sami wadda ta fi ta kuɗi ko ƙuruciya.

Ke budurwa, ki kula da mai zaƙin baki da 'yan kyautai. Atamfa da salula ba aure ba ne. Wanda yake sonki da gaske zai bi ta ƙofar gidanku da rana, ya aiko manyansa, a ɗaura aure a gaban Allah da jama'a. In kuwa kin riga kin fāɗi, ko an fi ƙarfinki, kada ki sha wani jiƙo ko ƙwaya a ɓoye, gama 'yan mata da yawa sun rasa ransu ta haka. Kada ki yar da jariri. Ki nemi wata uwa mai tsoron Allah cikin zumuntar mata ki gaya mata. In fin ƙarfi aka yi miki, laifin ba naki ba ne, ya kamata a kai maganar gaban hukuma.

Ku iyaye, na san kunyar tana da zafi. Amma in kun kori 'yarku, ina za ta? Titi ne zai karɓe ta, ƙarshenta ya fi farkonta muni. Ku tsauta mata, ku yi kuka tare, sa'an nan ku kai ta awo asibiti. In ta haihu ku yi wa yaron suna, ku karɓo masa takardar haihuwa a ma'aikatar magajin gari, ku sa shi makaranta. Jikanku ne. Ku kuma yi tunani kafin ku aika ƙaramar yarinya talla tasha da dare, ko aikatau gidan da ba ku sani ba.

Ku jama'ar ikkilisiya, in za a yi horo, a yi wa namiji da mace daidai, ko namijin shi ne ya fi kowa baiko. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya fāɗi cikin tawali'u. Manufar horo ke nan. In lokacinsa ya cika, a karɓe su da hannu biyu, kada a ƙara tada maganar. Ku hana 'ya'yanku yi wa yaron gori a makarantar Lahadi. Kalmar nan da muka soma da ita, ku fitar da ita daga bakinku.

Kai kuma da aka haifa ta wannan hanya, ka ji ni da kyau. Ba ka zaɓi yadda ka zo duniya ba. Allah ne ya siffata ka a cikin uwarka, bai kuwa yi kuskure ba. Kada ka riƙe uwarka a zuci. Konstantin ya yi manyan laifuffuka, amma bai ji kunyar uwarsa ba, ya girmama ta a gaban duniya duka. Kai ma ka girmama taka. In ubanka na duniya ya ƙi ka, akwai Uba a Sama wanda ba ya musun 'ya'yansa.

KA ZO YAU

Helena ta ɗanɗana reni, ta ɗanɗana sarauta. Reni bai hana ta zuwa wurin Yesu ba, sarauta kuma ba ta share mata hawaye ba. Kai fa, ya mai karatu? Ko ɗan sarki ne kai, ko ɗan ƙwarƙwara, Romawa 3:23 ta sa mu duka a layi ɗaya, dukanmu masu zunubi ne. Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye saboda zunubanka, ya tashi a rana ta uku, yana da rai yanzu. In kana so ka karɓe shi, ka yi wannan addu'a da zuciya ɗaya:

Ya Uba na Sama, kai ne mai ganin wanda mutane suka manta. Na yi zunubi a gabanka. Na ɓata waɗansu da aikina, na soki waɗansu da bakina. Ka gafarta mini saboda jinin Ɗanka Yesu. Na karɓe shi ya zama Mai Cetona da Ubangijina. Ka ba ni zuciyar gyara abin da na ɓata, da ta gafarta wa waɗanda suka cuce ni. Ka sa gidana ya zama mafaka ga wanda aka yasar. Cikin sunan Yesu. Amin.

TAMBAYOYI DOMIN IYALI

1. Don me Kulorus ya rabu da Helena? Wane sakamako wannan ya jawo wa zuriyarsa?
2. Wurin wa Allah ya aiki annabi Natan? Me wannan yake koya wa mazan ikkilisiyarmu?
3. Waɗanne mata huɗu na Tsohon Alkawari aka ambata cikin asalin Yesu?
4. Akwai wata mace ko wani yaro a garinku da ake gudu saboda wannan? Me gidanku zai yi musu a wannan mako?

In ka gama karantawa, ka miƙa wa maƙwabcinka. In kana da tambaya, ka nemi fasto ko mai bishara mafi kusa da kai.